Daga Hammadu Kafi zuwa Lawanti: Shin na'urar horas da matuƙa ta san iskar da ke jiran jirgin manya?

Duk wanda ya zauna a Hammadu Kafi, a birnin Gombe, ya san alamun hadarin bazara. Da la'asar zafi zai tsananta, iska ta ɗauke ɗif, sai gabas ta haɗe ta yi baƙi. Kafin ɗigon ruwa na farko ya sauko, iska ce ke fara isowa, ta taso da ƙura da ledoji, ta girgiza kwanon rufi, masu kayan tebur a bakin titin Bauchi su shiga tattara kaya da gaggawa. 'Yan mintoci kaɗan ne ke raba wancan shirun da wannan hargitsin.

Ta wannan titin ne jerin gwanon motocin manya ke bi zuwa filin jirgin sama na Lawanti, wanda aka gina a zamanin Gwamna Danjuma Goje. Ministoci da 'yan majalisa da shugabannin hukumomin tarayya masu zuwa duba ayyuka a Dadin Kowa ko Kashere ko Kolmani, da dama daga cikinsu da ƙananan jiragen alfarma suke zuwa. Hadimin da ya riga su isowa, yana tsaye da waya a hannu, agogo ne a gabansa: an tara jama'a, mai masauki na jira, gobe da safe kuma akwai zama a Abuja. Matuƙin da ke sauko da jirgin kuwa, abin da ke gabansa shi ne iskar nan da ta tashi masu tebur, da abin da ƙafafunsa za su yi a daƙiƙoƙin ƙarshe kafin taya ta taɓa kwalta.

Yadda wannan samfurin jirgi ke amsa ƙafa a cikin iska, a na'urar kwaikwayon tuƙi matuƙin ya fara saninsa, yana zaune a ƙasa, galibi ma a wata ƙasar. Tambayar ko na'urar tana faɗa masa gaskiya, tambaya ce da ta shafi duk wanda ke hawa irin waɗannan jirage, da duk wanda aikinsa ne ya nemo su.

Aikin linzamin wutsiya

A bayan kowane jirgi akwai wutsiyar da ke tsaye, kuma a ƙarshenta akwai wani faranti mai juyawa dama da hagu kamar ƙofa. Shi ne linzamin wutsiya. Da ƙafa ake sarrafa shi, ta feda biyu da ke ƙarƙashin matuƙi. Ya taka ta dama, hancin jirgi ya juya dama. Ya taka ta hagu, ya juya hagu. A sararin sama matuƙin jirgin zamani ba ya yawan taɓa su, domin da karkata fukafukai ake yin kwana, sannan akwai na'urar da ke hana wutsiya lilo ita kaɗai. Wurare biyu ne ƙafa ke zama jigo: idan inji ɗaya ya mutu, da idan iska na bugowa ta gefe a lokacin tashi ko sauka.

Titin jirgi ba ya juyawa ya bi iska. Idan iskar ta zo ta gaba sosai, taimako ce. Idan ta zo a karkace, sai a lissafa rabon da ke tura jirgin gefe. Iskar da ta kauce wa titi da digiri 30, rabin ƙarfinta ne ke bugun gefe. A digiri 45 ya kai kusan kashi 70 cikin 100, a digiri 60 kusan kashi 87, a digiri 90 kuwa dukkansa. Wato iska mai gudun kilomita 60 a sa'a tana iya zama abin da ba a damu da shi ba, tana kuma iya hana sauka, gwargwadon inda ta fito.

Matuƙin da ke saukowa cikin iskar gefe yakan juya hancin jirgi ya fuskanci iskar kaɗan, jirgin ya riƙa tafiya a kaikaice kamar ƙaguwa, alhali yana kan layin titi. Dab da taɓa ƙasa sai ya taka feda ya miƙar da hancin, ya ɗan sunkuyar da fiffiken da ke wajen iska don kada ta ɗebe shi. A nan ne jiragen alfarma ke da tasu matsalar. Fukafukansu a lanƙwashe suke zuwa baya, don haka da zarar hanci ya juya, fiffike ɗaya yakan samu ɗauka fiye da ɗayan, jirgin ya nemi kishingiɗa. Manyan cikinsu masu dogon zango suna da dogayen fukafukai a kusa da ƙasa, ƙaramar karkata ta isa bakin fiffike ya gogi kwalta. Injunansu a baya suke, kusa da wutsiya, kuma idan aka juya ƙarfin inji don tsayar da jirgi, hakan na iya dagula iskar da linzamin ke aiki da ita.

Bayan sauka ma ba a gama ba. Iska na bugun wutsiya kamar yadda take bugun allon talla, tana neman juya hancin jirgi ya fuskance ta. Ƙarfin linzamin kuwa da gudu yake tafiya: idan gudu ya ragu da rabi, ƙarfinsa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Daga nan sai aikin ya koma kan tayar gaba da birki. Idan titin ya jiƙe, tayoyin ma riƙonsu ya ragu. Duk wannan yana faruwa ne cikin daƙiƙoƙi, babu lokacin shawara.

Na'urar ɗaki da na'urar makaranta

Kwaikwayon tuƙin jirgi tsohon abu ne. Tun a 1929 Edwin Link ya ƙera akwatinsa na horo a Amurka. A yau kuwa matashin da ke da kwamfuta mai ƙarfi a Hammadu Kafi zai iya tuƙa Cessna Citation CJ4 a manhajar Microsoft Flight Simulator, ko Citation X a X-Plane 12, ya saita iskar gefe yadda ya ga dama. Zai ga hancin jirgi na fizgewa wajen iska, zai ga yana tafiyar ƙaguwa, zai fahimci dalilin taka feda. Wannan ilimi ne na gaske, kuma ya jawo mutane da yawa zuwa aikin tuƙin jirgi.

Sai dai abin da ido ya gani daban, abin da ƙafa ta ji daban. Fedar gida roba ce da sifirin, ko ma murɗa sandar wasa ce da wuyan hannu. A jirgi na gaske, dokar Amurka ta tantance manyan jirage ta amince ƙarfin da matuƙi zai sa a kan feda na ɗan lokaci ya kai kimanin kilo 68. Kujerar ɗaki ba ta motsi, saboda haka jiki ba ya jin zamewar da ke sanar da matuƙi tun kafin idonsa ya gani. Lokacin da jirgi ke sauyawa daga tashi da fiffike zuwa gudu a kan taya shi ne mafi wuyar kwaikwayo, kuma a nan ne masu amfani da waɗannan manhajoji suka daɗe suna ƙorafin cewa jirgin ko dai ya cika fizga ko ya cika ladabi.

Na'urar da hukuma ke amincewa da ita don horas da matuƙa wata aba ce dabam. Matakanta huɗu ne, daga A zuwa D, kuma D ce ƙololuwa. Ɗakin tuƙi ne na gaske na samfurin jirgi guda, an ɗora shi a kan ƙafafu shida masu motsi, da madubin da ke nuna filin jirgi da hazo da ruwan sama, da injin da ke sa feda ta yi nauyi ko sauƙi gwargwadon gudu. Kuɗinta miliyoyin daloli ne. Kafin a yarda da ita sai an gwada amsarta da alƙaluman da aka tattara a lokacin gwajin jirgin na ainihi, kuma ana maimaita gwajin lokaci-lokaci. A cikin iyakar waɗannan alƙaluma amsarta ta yi kusa da ta jirgi ƙwarai, har dokokin ƙasashe da dama sun yarda gogaggen matuƙi ya koyi sabon samfuri a cikinta ba tare da ya yi atisaye a jirgin kansa ba.

Amma alƙaluman suna da iyaka. Matuƙan gwaji ba sa kai jirgi inda zai karye don a samu abin rubutawa, don haka abin da ya wuce inda suka tsaya, lissafi ne da ƙiyasi. Dokar da aka ambata tana buƙatar kamfani ya nuna cewa jirginsa na iya tashi da sauka cikin iskar gefe ta aƙalla kilomita 37 a sa'a. Adadin da ake rubutawa a littafin jirgi, sau da yawa shi ne iska mafi ƙarfi da aka samu aka gwada jirgin a cikinta, a hannun ƙwararrun matuƙan kamfani, a kan busasshen titi. Ƙafafun na'urar ma tafiyarsu gajera ce. Ba za su iya tura mutum gefe na tsawon lokaci ba, sai dai su karkata ɗakin su yaudari kunnen ciki.

Darasi uku da aka biya da tsada

Ranar 20 ga Disamba, 2008, jirgin Continental ƙirar Boeing 737-500 ya fara gudu don tashi daga Denver ta Amurka da mutum 115. Hasumiya ta sanar da iska mai gudun kusan kilomita 50 a sa'a daga gefe. Yana cikin gudu sai bugunta ya kai kimanin kilomita 83. Kyaftin ɗin, gogaggen matuƙi, ya saki fedar dama kimanin daƙiƙa 4 kafin jirgin ya bar titi. Jirgin ya faɗa kwari ya kama da wuta. Babu wanda ya rasu, amma da dama sun jikkata. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta lissafa ƙarancin horo kan iskar gefe a cikin dalilan hatsarin, ta ce na'urorin horo ba sa kwaikwayon iska mai fizga yadda take a zahiri. Iskar na'ura mai nutsuwa ce, matuƙi ya taka feda ya riƙe. Iskar Allah kuwa tana bugawa, ta saki, ta sake bugawa. Daga baya Amurka ta wajabta a gyara na'urorin kamfanonin jiragen fasinja su iya nuna irin wannan iska, da wa'adin watan Maris na 2019.

Idan sakin feda ne ya yi ɓarna a Denver, a New York yawan taka ta ne. Ranar 12 ga Nuwamba, 2001, jirgin American Airlines ƙirar Airbus A300-600 ya tashi a bayan wani Boeing 747, ya shiga guguwar da babban jirgin ya bari. Mataimakin matuƙi ya riƙa taka feda dama da hagu har ƙarshe, a jere, cikin 'yan daƙiƙoƙi, har wutsiyar ta ɓalle. Mutum 265 suka mutu, 5 daga cikinsu a ƙasa. Binciken ya gano cewa a wani atisayen kamfanin, na'urar takan kishingiɗar da jirgi sosai, ta kuma danne tasirin abin da matuƙi ke yi na ɗan lokaci. Wanda ya saba da haka zai ɗauka cewa sai da ƙarfin tsiya jirgi ke dawowa daidai. Hukumar ta sanya wannan horo, tare da yadda aka tsara fedar jirgin, cikin abubuwan da suka taimaka wa hatsarin.

Na ukun a gida ya faru, kuma Arewa ba ta manta da shi ba. Ranar 29 ga Oktoba, 2006, jirgin ADC ƙirar Boeing 737-200 ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato a daidai lokacin da hadari ya taso, ya faɗi jim kaɗan bayan tashi a kusa da Tungar Madaki. Mutum 96 suka rasu, ciki har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido da ɗansa Sanata Badamasi Maccido. Iskar da ta kayar da shi ita ce mai sauya ƙarfi da alƙibla farat ɗaya a bakin hadari, 'yar'uwar wadda ke tashin ƙura a Hammadu Kafi. Masu binciken Najeriya sun ɗora alhakin a kan shawarar tashi alhali an san yanayi ya ɓaci, da rashin bin matakan kuɓuta daga irin wannan iska. Sun kuma ambaci amfani da kayan da ba su dace ba wajen atisayen wannan mataki a na'urar horo.

Duka ukun manyan jiragen fasinja ne, amma darasinsu ya hau kan jiragen alfarma, waɗanda suka fi su rashin nauyi, suka kuma fi su sauka a filayen da titinsu ɗaya ne. Inda titi ɗaya ne babu zaɓin juyawa a fuskanci iska ta wani titin. Ko a sauka da ita a gefe, ko a jira, ko a tafi wani filin.

Zariya da kuɗin horo

Kwalejin Fasahar Jiragen Sama da ke Zariya, wadda aka kafa a 1964, ita ce ta yaye matuƙan Najeriya da yawa. A ƙananan jiragenta ɗalibi ke fara koyon taka feda cikin iskar hunturu ta gaske, kuma wannan tushe ne da babu na'urar da ke maye gurbinsa. Kwalejin ta mallaki cikakkiyar na'urar kwaikwayon Boeing 737NG domin rage fita waje. Sai dai kowace na'ura ta samfurin jirgi ɗaya ce. Ta 737 ba za ta koya wa mutum halin Hawker ko Challenger ko Gulfstream ba. Matuƙan waɗannan jirage galibi sai sun je cibiyoyi irin na CAE da FlightSafety a Dubai ko Ingila ko Amurka, da dala ake biya, ga tikiti ga masauki ga biza.

Ƙa'idar duniya ta jiragen haya ita ce a gwada ƙwarewar matuƙi sau biyu a shekara. Idan canjin dala ya tashi, kuɗin horo na daga cikin abin da mai jirgi marar tsoron Allah zai fara tunanin ragewa, domin fasinja ba ya ganinsa. Fasinja na ganin kujerar fata da kafet da abinci.

Shi ya sa irin takardar izinin da jirgi ke aiki da ita ke da muhimmanci. Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, tana bambanta izinin jirgin amfanin kai da lasisin ɗaukar fasinja a biya, kuma na biyun ya fi tsauraran sharuɗɗa na horo da gyara da sa ido. A Nuwamba 2023 wani jirgi ƙirar Hawker 800XP da ke ɗauke da Ministan Lantarki Adebayo Adelabu ya yi hatsari wajen sauka a Ibadan. Ba a rasa rai ba, amma rahoton farko na masu bincike ya nuna izinin da jirgin ke da shi na amfanin kai ne. A 2024 NCAA ta dakatar da izinin wasu masu jiragen alfarma saboda yin haya da irin wannan takarda.

Abin da ke hannun hadimi

Akwai abu ɗaya da ba a sa shi a lissafin kowace na'ura, shi ne mutumin da ke tsaye a ƙofar ɗakin tuƙi yana cewa mai gida na sauri. Ranar 29 ga Maris, 2001, jirgin shata ƙirar Gulfstream III ya faɗi dab da filin jirgin Aspen a Amurka, cikin duhun magariba da dusar ƙanƙara, mutum 18 da ke cikinsa suka mutu. Fasinjojin sun makara wajen tashi daga Los Angeles, ga liyafar dare na jiran su. Da aka sanar cewa wataƙila a karkata zuwa wani filin, wanda ya yi shatar ya fusata, kuma ta hannun hadiminsa aka yi ta kai saƙo da kawowa. NTSB ta rubuta matsin lambar da ya yi wa kyaftin a cikin dalilan hatsarin.

Jami'in da aka ɗora wa shirya tafiyar mai gidansa ba sai ya iya tuƙi ba kafin ya yi tambayoyin da suka dace. Yana iya neman ganin lasisin ɗaukar fasinja na kamfanin kafin a biya ko kwabo. Yana iya tambayar yaushe matuƙan biyu suka yi atisayen ƙarshe a na'urar wannan samfurin jirgin, kuma ko atisayen ya haɗa da iskar gefe mai fizga da jiƙaƙƙen titi. Yana iya tambayar iyakar iskar gefe da kamfanin ya gindaya wa matuƙansa, domin kamfanin kirki yana da ita a rubuce, kuma takan ragu idan titi ya jiƙe. Yana iya duba hasashen Hukumar NiMet tun da safe, ya tuna cewa a farkon damina hadari ya fi tasowa da yamma, a hunturu kuma hazo ke rufe filaye, sai ya tsara taro da rarar lokaci. Idan tafiyar Gombe ce, ya san tun farko ko Bauchi ko Yola ce madadin, ya kuma tanadi yadda motoci za su isa can.

Mafi wuyar duka shi ne abin da zai yi idan kyaftin ya ce a dakata. Matuƙin jirgin alfarma ya san cewa mutumin da ke bayansa na iya raba shi da aikinsa da kiran waya ɗaya. Hadimin da ya ɗauki saƙon jinkiri ya kai wa mai gida da kansa, ya kira mai masauki ya ba da haƙuri, ya sauke wa matuƙin wani nauyi da ba a koya masa ɗaukarsa a Dubai ba. Haka nan idan jirgi ya kusa taɓa ƙasa sai ya sake tashi, babu abin kunya a ciki. Mataki ne da ake horas da matuƙa a kai, kuma sau da yawa shi ne shaidar cewa horon ya shiga. Hausawa sun riga sun faɗa, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Na'urar mataki na D tana koya wa ƙafar matuƙi abin da jirgi zai yi cikin iskar da aka auna aka rubuta, kuma tun bayan Denver an ƙara mata sanin iska mai fizga. Iskar gaban hadari kuwa wadda za ta ratsa Gombe daga gabas, ta bi ta Hammadu Kafi ta nufi Lawanti, babu wanda ya auna ta kafin ta iso. Abin da aka sani game da ita shi ne ba ta daɗewa. Masu tebur a bakin titin Bauchi sukan rufe kayansu da leda, su fake a rumfa, idan ta wuce su dawo su baje. Jirgin da ya zauna a Abuja na ƙarin sa'a ɗaya, ko ya yi shawagi nesa da hadarin har ya wuce, zai tarar da titin Lawanti yana nan inda yake.